Babura, Kat-kat da Turbobin Ƙauye a Ƙasar Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, ƙara iri ɗaya ce ke cika zauren masu gari daga Mirya har Dungas: babur ya ratsa gona, mota ta kwaɓe hanya, manomi ya gitta ƙaya a turba, makiyayi ya ce an firgita masa garke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi ji, wasu daga bakin masu hawa, wasu daga bakin waɗanda ake bi ta gefen shukarsu.

Wace irin hanya ake magana a kai?

Kwalta ba ta da yawa a jihar Zinder ta Nijar. Akwai babbar hanyar ƙasa RN1 da ta taso daga Yamai ta ratsa birnin Zinder, ta wuce Mirya da Gure ta nufi Diffa. Akwai wadda ta hau arewa zuwa Tanut da Agadas, ta kusa da matatar mai ta SORAZ. Sai waɗanda suka gangara kudu, wajen Matamaye da Magarya har bakin iyaka. Da ka sauka daga waɗannan, ko dai hanyar marmara ce da aka zuba aka daddaɓe, ko turbar yashi da ƙafar mutane da kofaton jakai suka fitar tun kaka da kakanni. A kan wannan turbar ɗan kabu-kabu yake kai mara lafiya likita, a kanta amalanken shanu ke kai taki gona, a kanta mata ke zuwa rijiya, motar kat-kat mai ja da ƙafa huɗu ta ma'aikata da babbar motar ranar kasuwa su ma ita suke bi. Faɗinta sau da yawa bai wuce na amalanke ɗaya ba.

Babur har nawa yake da zai lalata hanya?

Masu babur sun fi kowa yin wannan tambaya, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. A jigawa, inda yashi ne zalla, ruwan sama ma taimakonsu yake yi: yashin ya kama jikinsa, taya ta daina nutsewa, sawun da aka bari kuma iska ta shafe shi. Ɓarnar tana faruwa ne inda ƙasa ke da laka: bakin fadama, gefen tabki, gangaren ƙorama, da ƙasar geza mai tauri da ba ta shan ruwa.

Tayar babur siririya ce, nauyin duka yana taruwa wuri ɗan kaɗan. Babur ɗin ƙauye kuma ba shi tafiya fayau: mai tuƙi, fasinja biyu, buhun hatsi a baya, wani lokaci har da akuya a ɗaure. In ya shiga laka taya ta fara sulɓi, abin da hannu ya saba shi ne a ƙara wuta, sai tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tono. Nan take an sami ɗan rami mai tsawo. Na biyu ya zo ya faɗa cikin sawun na farko, na goma ma haka.

Sauran aikin ruwa ne ke yi. Ruwan da Zinder ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗan wani abu ba, amma yana zubowa ne cikin watanni uku zuwa huɗu, galibi da ƙarfi a lokaci guda, musamman a Agusta. Ruwa mai gudu hanya yake nema, kuma sawun taya da ya bi gangare ya riga ya share masa. Abin da ya fara da zurfin ɗan yatsa, kafin kaka ya kai gwiwa. Bayan damana biyu ko uku ya zama kwazazzabo, amalanke ba ya iya ƙetarawa, ruwan kuma yana kwashe ƙasar gonar da ke ƙasansa.

Me ya sa hanya ɗaya take zama uku ko huɗu?

Saboda kewaye. Duk wanda ya san hanyoyin kudancin Mirya da damana ya san irin wurin: kududdufi ya kwanta tsakiyar turba, hagu gonar hatsi ya kai ƙugu, dama gyaɗa ta fara shimfiɗa. Mai babur na farko ya tsaya, ya dubi ruwan, ya dubi wandonsa, sai ya hau kunya biyu na gefen gyaɗar ya wuce. Bai ga ya yi wani abu ba, tushe biyar ko shida ne. Da azahar sawunsa ya zama alama, kowa ya iso nan yake bi. Kwana uku wurin ya kwaɓe shi ma, aka ƙara matsawa ciki. Ranar kasuwa kat-kat ta zo, ta ga sawu a buɗe, ta bi da ƙafa huɗu. Lokacin da mai gonar zai zo duba, an ci masa taku goma a faɗi, tsawon igiya guda, ƙasar kuma ta danne ta yi tauri, ko baɗi ba za ta ba da abin kirki ba sai an sha wuya da hauya.

Abin takaicin shi ne, in aka zauna shari'a ba a samun wanda ya yi ɓarnar. Kowa da gaskiyarsa zai rantse cewa hanya ya iske ya bi. Wanda aka kama ranar da mai gona ya fusata, shi ke ɗaukar laifin mutum ɗari.

To in na iske ruwa ya tare hanya, yaya zan yi?

Ka bi tsakiya. Ƙasan tsohuwar turba ya fi gefenta tauri, domin shekara da shekaru ana taka shi. Ka sauke fasinja su taka da ƙafa, ka gwada zurfin da sanda, ka sa giya ta ɗaya ka shiga a hankali ba tare da ɓarin wuta ba. In ruwan ya kai ya shiga salansa, ka kashe ka tura. Ƙorama mai gudu kuwa ba a gwada ta, a jira ta sauka. Sau da yawa awa biyu ko uku ya isa. In babu makawa sai ta gona, a nemi mai ita ko wani nasa, a tura babur ɗin da hannu ta cikin kwarin kunya. Manoma da yawa ba su hanawa in an tambaye su, raini ne ba su ɗauka.

Hanyar daji ai ba ta da mai ita. Ko tana da shi?

Tana da shi. Dokar ƙasa mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa tsarin dokokin karkara na Nijar, ta sanya hanyoyin dabbobi da burtali cikin dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati ko ƙananan hukumomi, makiyaya suna da haƙƙin amfani da su tare. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara jaddada haka, ta kuma haramta toshe su ko nome su. Turbar da ke haɗa gari da gari kuwa, al'ada ta daɗe da sanin ta: mai gari da dattawa sun san inda ta bi, sun san bishiyar da ke iyakarta.

Akwai kuma kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, tun daga na ƙauye, zuwa na ƙaramar hukuma, zuwa na gunduma. Aikinsu ne tantance iyakoki da rubuta su. Inda suka yi aiki za ka ga turakun siminti jere a gefen burtali. Wanda ya tumɓuke su ya taɓa kayan hukuma.

Gonar da ke gefen hanya kuwa ta mai ita ce har zuwa kunya ta ƙarshe. Kasancewar hanya ta lalace bai ba kowa izinin shiga ba.

Ana iya bin burtali da babur ko mota?

Ana bi, kuma sau da yawa shi ne kaɗai sarari da ya rage tsakanin gonaki da damana. Amma don dabbobi aka ware shi, su ke da gaba. In ka haɗu da garke, ka rage wuta, ka matsa gefe, ka bar su su wuce. Mai babur da ya kutsa tsakiyar shanu yana oda, shanun suka watse cikin gonar mutane, ya tafi abinsa ya bar makiyayi da biyan ɓarnar da ba shi ya jawo ba. Irin wannan ne ke haddasa faɗan da ake cewa na manoma da makiyaya, alhali wanda ya kunna wutar yana can gari yana shan shayi. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata masu gari su riƙa tambayar abin da ya kori dabbobin kafin su yanke.

Manomi yana da ikon toshe hanya don kare shukarsa?

Yana da ikon shinge gonarsa, da ƙaya ko aguwa ko kara, a kan iyakarsa. Ba shi da ikon gitta komai a kan turbar jama'a. Dole kuma a faɗi wannan: ba masu babur kaɗai ke cin iyaka ba. Akwai manoman da duk shekara sai sun ƙara kunya ɗaya cikin hanya, har turbar da amalanke biyu ke giftawa a da ta koma ta mutum ɗaya. In hanya ta matse haka, wanda ya taka shuka ba shi kaɗai ne mai laifi ba.

Abin da ya fi muni shi ne tarko: haƙa rami a rufe da ciyawa, binne ƙusa, ɗaure igiya ko waya a gicciye. Mai yin haka yana tunanin zai hora wani yaro mai gudu, amma wanda zai faɗa ciki da dare yana iya zama ɗan kabu-kabu ɗauke da mace mai naƙuda. In aka ji rauni ko aka rasa rai, magana ta bar hannun mai gari ta koma ta jandarma da alƙali, kuma babu dami nawa na hatsi da zai zama hujja.

An taka mini shuka. Ina zan fara?

Ka fara da shaida, tun sawu bai ɓace ba. Ruwa ɗaya ko iskar dare ɗaya ta isa ta shafe komai. Ka kira maƙwabtan gona biyu su gani da idonsu, ka ɗauki hoto da waya in kana da ita, har da lambar abin hawan in ka samu. Kada ka ƙwace makulli, kada ka sassare taya, kada ka ɗaga hannu; da ka yi haka ka mai da kanka wanda ake ƙara.

Daga nan sai wajen mai gari ko mai unguwa. Tsarin Nijar ya ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa, kuma a rikicin da ya shafi gona da filaye doka ta ce sai an gwada sulhu a wajensu kafin a je kotu. In ba a daidaita a ƙauye ba, a hau wajen sarkin kanto, a birni kuma har fadar Sarkin Damagaram. Ko an shirya ko ba a shirya ba, a nemi a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Mutanenmu suna raina wannan takarda, suna ganin kamar rashin yarda ne da maganar dattawa. Ita ce kuwa ke hana a sake tayar da zancen baɗi, ita ce kuma alƙali zai fara tambaya.

Mafi yawan waɗannan rigingimu ba su kai ko'ina in mai hawa ya sauko, ya cire hular kwano ya ce, "Baba, na yi kuskure, a yi mini aikin gafara, a duba abin da na ɓata." Amsar da aka saba ji ita ce, "Tashi ɗana, Allah ya kiyaye gaba, amma ka faɗa wa ƴan uwanka." Wanda ya zauna bisa babur injin na ruri yana cewa "nawa ne kuɗin gonar taka", shi ne ke kwana a zauren mai gari.

Yaya ake ƙiyasta diyya?

Ƙa'idar ita ce wanda ya jawo wa wani hasara ya biya, kamar yadda aya ta 1382 ta kundin dokar farar hula ta tanada, kuma addini da al'ada duk sun yarda da haka. Ana duba faɗin wurin, irin shukar, da lokacin da aka ɓata ta. Hatsin da bai wuce sati biyu ba ana iya sake shuka shi ko a yi dashe. Wanda ya fara fitar da kai ya tafi ke nan. Ana lissafi da dami ko tiya, a juya shi kuɗi bisa farashin kasuwa. In abin ya yi yawa ana kiran malamin gona ya auna.

Inda adalci ke wuya shi ne wurin da mutane da yawa suka bi. A ganina bai dace a ɗora wa mutum ɗaya kuɗin hanyar da ya iske a buɗe ba. Ya biya gwargwadon nasa, sauran a nemi tashar ƴan kabu-kabu da masu motocin da ke bin layin su haɗa.

Ba manyan motoci ne suka fi ɓarna ba? Me ya sa kullum babur ake kamawa?

Su ne. Babbar mota ɗaya maƙare da buhuna, in ta bi hanyar marmara da safe bayan ruwan dare, tana iya yin ɓarnar da babura ba za su yi a wata guda ba. Kat-kat da ta maƙale ta yi ta tono da ƙafa huɗu tana barin ramin da jaki zai karye a ciki. Saboda haka ne aka san shingen ruwa a hanyoyin ƙasa, inda ake tsai da manyan motoci har hanya ta tsane. Inda ake mutunta shi hanya tana daɗewa.

Ana kama babur ne domin shi ake iya tarewa. Mai shi ɗan garin maƙwabta ne, an san ubansa. Motar ɗan kasuwa ko ta wata ma'aikata kuwa, ta wuce da ƙura, manomi ba ya ma tunanin zai iya ƙarar ta. Yana iyawa. Lambar mota da shaidu biyu sun isa a kai magana gaban shugabannin ƙaramar hukuma, kuma ma'aikatar da ta zo da sunan taimakon karkara ita ta fi cancanta a tuna mata cewa direbanta ya bi ta kan wake.

Akwai kuma masu tafiyar dare da jarkokin man sumoga, waɗanda ke gudun hanyar da jami'ai suke, su yanki daji ba fitila. Su ba turba suke bi ba balle a ce sun kauce mata, kuma ƴan kabu-kabun gari ne ke shan zagin da su ya kamata a yi wa.

In an yi kiciɓis a matsattsiyar turba, wa zai kauce?

Mai sauƙin kaucewa. Amalanke mai kaya ba ya ja da baya, in kuma ya fita daga sawunsa cikin yashi shanun ba su iya fizgo shi, don haka babur ne zai tsaya ya jingina. Raƙumi da doki ba su son oda ko rurin inji a kusa. A rage wuta tun daga nesa. Mata masu tulu ko itace a ka, da yara ƴan lakwal, a wuce su a hankali, ban da watsa musu laka. Tsakanin mota da babur, wanda ya fi kusa da sarari ya tsaya. A gangare, mai sauka ya jira mai hawa.

Da rani fa, bayan an kwashe amfani, ai ko'ina hanya ce?

Haka ake ɗauka, kuma nan ne ake yin ɓarnar da ba a gani. Ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara don dabbobi ce su ci kara da harawa, ba don ababen hawa ba. A gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya manoma sun shafe shekaru tun wajen 1980 da wani abu suna raya gawo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito da kansa a gyara shi har ya zama itace. Aikin ya kai fili kimanin kadada miliyan guda, har daga ƙasashen waje ake zuwa gani. Ɗan gawon da bai kai gwiwa ba, mai gudu ba ya ganinsa, taya ɗaya ta karya aikin shekara biyu. Gawo yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare, kuma tun ƙarni na 19 ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya sa a kan mai sare shi.

A gabas, wajen Gure, matsalar tudun yashi ce. Mutane sun sha rana suna kafa shingen kalimbo da kaba don tsai da rairayin da ke neman binne kwaruruwan dabino da goriba. Mai babur ko kat-kat da ya hau tudun don nishaɗi, ya keta shingen, ya buɗe wa iska ƙofa. Can arewa kuma akwai gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 don kare barewa da ragon dutse da sauran namun hamada. Korar su da mota haramun ne, sawun taya a ƙasar tsakuwa kuma yana shekaru bai ɓace ba. A makiyaya, bayan ciyawa ta bushe, salansa mai zafi ko guntun taba na iya tayar da gobarar da za ta cinye abincin garke na shekara.

Wa ya kamata ya gyara?

Manyan hanyoyi na gwamnati ne, turbobin ƙauye suna wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda aljihunsu bai cika kai wa ba. Jiran su kaɗai yana nufin damana ta sake iske ramin a buɗe. Abin da ke aiki shi ne gayya: gari ya fito da mutane, masu amalanke su ɗebo dutse da marmara, tashar ƴan kabu-kabu ta haɗa kuɗin abinci ko ta turo matasa, masu motocin layin su ba da mota rana ɗaya. Ƴan kabu-kabu suna da riba a nan fiye da kowa, domin su ke sayen taya da sarƙa in hanya ta lalace.

Lokacin aikin watan Mayu ne, kafin ruwan farko. Kada a cike rami da yashi ko shara, ruwa ɗaya zai kwashe. A jera dutse a ƙasa, a zuba marmara, a daddaɓe, tsakiyar ta ɗan fi gefe tudu. A gangare a yanka ƙananan magudanai a karkace don ruwa ya riƙa fita kafin ya yi ƙarfi. Amma kafin a sa diga, a zauna da masu gonakin da ke ƙasa a yarda da inda ruwan zai zuba, mai gari yana wurin, domin magudanar da aka juya cikin gonar mutum ba da saninsa ba, shi zai toshe ta da dare kuma ƙarar ta dawo sabuwa.